Ina ilektaron ɗin ya zauna? Amsa ga mai lissafin TiO2 a kwamfuta

Wa alaikumus salam, Malama. Bari in taƙaita tambayarki saboda masu karatu bayanmu. Kin ce kina digiri na biyu a fannin fiziks a nan Kano, aikinki a kan anatas ne, ɗaya daga cikin siffofin TiO2, wato haɗin taitaniyom da oksijin, kuma kina lissafi da manhajar Quantum ESPRESSO da tsarin kintace na PBE a laftof ɗinki. Abu uku suka hana ki barci. Ratar makamashi ta fito miki 2.1 eV (eV ma'aunin makamashi ne) alhali littattafai sun ce 3.2. Kin cire oksijin ɗaya, ba ki ga wani sabon mataki a cikin ratar ba. Sannan da kika sa naitirojin a akwatin lissafi mai ƙwayoyin zarra 48, sai kika ga ratar ta tsuke, kina so ki san ko za ki iya rubuta cewa sirkin ya yi nasara.

Ta farko, ki kwantar da hankalinki, ba ki yi kuskure ba. Ta uku, ki dakata, kada ki rubuta tukuna. Ta biyu kuwa ita ce cibiyar aikin gaba ɗaya, a kanta zan fi daɗewa.

Kin san yadda ginin yake. Benen ƙasa, inda ilektaron suke cike, yawancinsa daga mazaunin ilektaron mai suna 2p na oksijin ne. Benen sama, wanda yake fayau, daga 3d na taitaniyom ne. Tsakaninsu akwai rata, 3.2 eV a anatas, kusan 3.0 a rutil, wata siffar TiO2 ɗin. Hasken da zai iya ɗaga ilektaron ya tsallake 3.2 eV dole tsawon zangonsa ya gaza nanomita 387, wato hasken da ido ba ya gani, wanda bai wuce kusan kashi 5 cikin 100 na abin da rana ke aiko mana ba. Ki tuna ranar da ke dukan mutum a titin Zariya da azahar a watan Afrilu, ki ce duk wannan ƙarfin, TiO2 ɗan tsakure kawai yake iya kamawa. Tun da Fujishima da Honda suka nuna a 1972 cewa wannan farin gari na fenti yana iya raba ruwa da taimakon haske, abin da ake ta fama a kai ke nan, yadda za a sa shi ya ci daga sauran hasken. Mu nan muna da namu dalilin. Duk wanda ya ga launin ruwan da ke fita daga wuraren jima da rini a Challawa da Sharada da Bompai ya san me ya sa muke son abu mai arha da zai lalata dauɗa da hasken rana kawai.

To, 2.1 ɗin da kika samu shi kowa ke samu. PBE yana ba da kusan 2.1 a anatas, kusan 1.8 zuwa 1.9 a rutil. Ƙara maki na k ko ɗaga ecutwfc, wato saitunan da ke ƙara daidaiton lissafi, ba zai kawo ki 3.2 ba, ko kin kwana kina yi. Ciwon a cikin ƙa'idar yake. Abin da Hohenberg da Kohn suka kafa a 1964, wato ƙa'idar DFT, Kohn da Sham suka mai da shi abin aiki a 1965, gaskiya ne tsantsa, sai dai akwai wani yanki na makamashin da ba wanda ya san ainihin siffarsa, kintatarsa ake yi. PBE, wanda ya fito a 1996, ɗaya ne daga cikin kintacen. Aibinsa shi ne yana barin ilektaron yana ɗan ture kansa da kansa, abin da ba ya faruwa a zahiri. Ilektaron da ke gudun kansa kuwa ba zai taɓa yarda ya takure a wuri ɗaya ba, sai ya bazu ko'ina don ya rage wannan turin na ƙarya.

Ki lura da wannan sosai, domin shi ne ya amsa tambayarki ta biyu. Matsalarki ta ɗaya da ta biyu 'yan gida ɗaya ne.

A cikin TiO2, kowace taitaniyom tana kewaye da oksijin shida, kowace oksijin tana riƙe da taitaniyom uku. In kika zare oksijin ɗaya, kin bar giɓi, kin kuma bar ilektaron biyu marayu waɗanda da ita ke riƙe da su. Ina za su? Masu gwaji a ɗakin bincike sun daɗe da ganin amsar a rutil. Kiristal ɗin da aka gasa ya rasa oksijin yakan koma shuɗi, kuma ana ganin wani mataki kusan 0.8 zuwa 1 eV ƙasa da benen sama. Ilektaron ya je ya zauna a kan taitaniyom ɗaya, ya mai da ita daga Ti4+ zuwa Ti3+. Da ya zauna, sai oksijin ɗin da ke kewaye suka ja baya kaɗan, kusan 0.1 Å (Å kashi ɗaya cikin goma na nanomita ne), wurin ya lotsa, lotsawar kuma ta ƙara riƙe shi. Kamar mutum ne ya zauna a tsohuwar katifar soso: nauyinsa ne ya yi ramin, ramin ne kuma ya sa tashi ya yi wuya. Ilektaron tare da lotsawarsa shi ake kira folaron. PBE ba ya son wannan zama. Yana ɗaukar ilektaron biyun ya shafa su a kan dukkan taitaniyom ɗin akwatin kamar man shanu a kan burodi, matakin ya ɓace cikin benen sama. Shi ya sa kika duba ba ki ga komai ba.

Magani iri biyu ne. Mai tsada shi ne HSE06, wanda ke gauraya kashi ɗaya cikin huɗu na lissafin musaya na ainihi. Yana da kyau, ko da yake shi ma yakan ɗan wuce gona da iri a rata, kusan 3.4 a rutil, 3.6 a anatas. Amma a akwati mai zarra ɗari, laftof ba zai ɗauka ba, ki cire rai. Mai araha shi ne DFT+U, inda ake ɗora wani haraji mai suna U a kan 3d na taitaniyom don a tilasta wa ilektaron ya zaɓa: ko ya zauna gaba ɗaya ko ya tashi gaba ɗaya. Tsadarsa kusan ɗaya da PBE.

Na san tambayar da za ta biyo baya, wane U? Morgan da Watson sun yi amfani da 4.2 eV a 2007 a kan fuskar rutil, domin shi ya ba su matakin a inda gwaji ya gan shi, kuma mutane da yawa sun bi sahunsu. Amma kada ki ɗauko lambar ki liƙa kawai. Su da manhajar VASP suka yi, kuma yadda kowace manhaja take tantance abin da ake nufi da "3d na wannan zarra" ya bambanta, don haka 4.2 a can ba lallai ya zama 4.2 a wurinki ba. Quantum ESPRESSO yana da hp.x, wanda zai lissafa miki U daga tushe a ƙaramin akwati, wannan laftof zai iya. Ki yi shi, sannan ki gwada ƙasa da shi da sama da shi, a ce 3 da 4 da 5, ki nuna abin da ya tsaya daram da abin da ke rawa. Abin da nake roƙonki kada ki yi shi ne ki yi ta murɗa U har ratar ta kai 3.2. Ana yin haka a kundaye da yawa, kuma raina yana ɓaci duk sanda na gani. U ɗin da zai kai ki can ya yi girman da zai jirkita tsawon haɗe-haɗen zarra da sauran halayen kiristal ɗin. Kin gyara lamba ɗaya, kin ɓata goma.

Ko da U ɗin ma, folaron ba ya zuwa da kansa, sai an gayyato shi. Nan ne ɗalibai suka fi faɗuwa. In kika fara da kiristal mai daidaito cif, manhajar za ta kare wannan daidaiton, ba za ta fifita wata taitaniyom a kan wata ba, sai ki ƙare da ilektaron a baje kuma ki zaci shi ne amsa. Ga abin da nake yi. Ina sa nspin = 2 da nosym = .true., in ba taitaniyom ɗin da nake zato suna daban, a ce Ti1, in ba ta maganaɗisun farawa ita kaɗai, in ture oksijin shidan da ke kewaye da ita waje da kusan 0.1 Å da hannuna. Wato na haƙa masa ramin kafin ya iso. Sai in bar lissafin ya sassauta. In ya ƙare, ba hoton DOS, wato taswirar matakan makamashi, nake fara buɗewa ba. Ina duba maganaɗisun kowace zarra a ƙarshen fayil. In na ga Ti1 tana da kusan 0.8 ko 0.9 sauran kuma kusan sifiri, ya zauna. Sannan in zana yawan sifin, wato maganaɗisun ilektaron, a manhajar VESTA in gan shi da idona, ɗan kunnuwa huɗu na d a kan zarra ɗaya tak. Ranar da na fara ganin wannan hoton a allona, bayan makonni ina samun hazo a ko'ina, na daɗe ina kallonsa kafin in taɓa komai. Kuma ba wuri ɗaya za ki gwada ba. Ilektaron biyu ne, suna iya zama dab da giɓin, ko ɗaya kusa ɗaya nesa, kowane tsari da makamashinsa. Sai kin gwada da dama kafin ki ce ga mafi ƙasa. Akwai manhaja kyauta mai suna ShakeNBreak da aka yi musamman don girgiza tsarin a nemo irin waɗannan.

Wata gaɓa da ta shafe ki kai tsaye: anatas ba rutil ba ne. Setvin da abokan aikinsa sun nuna a 2014, da gwaji da lissafi, cewa a rutil ilektaron yana takurewa ya zama ƙaramin folaron ko babu wani aibi, amma a anatas mai lafiya ya fi son yawo a sake, sai a kusa da aibi kamar giɓin oksijin yake kamuwa. Wannan bambancin ya yi daidai da abin da Furubayashi da tawagarsa suka samu a Japan a 2005, cewa anatas da aka sirka da niyobiyom yana ɗaukar lantarki kamar ƙarfe kuma haske yana ratsa shi, rutil kuwa bai yi haka ba. Saboda haka ga gwaji mai kyau ga U ɗinki: ki ƙara ilektaron ɗaya a rutil mai lafiya, ki ƙara ɗaya a anatas mai lafiya. In U ɗin ya ɗaure ilektaron tamau a duka biyun, akwai alamar ya yi ƙarfi da yawa.

Yanzu naitirojin. Tarihinsa kansa darasi ne. A 2001 Asahi da abokansa suka wallafa a mujallar Science cewa naitirojin a gurbin oksijin yana sa TiO2 ya yi aiki da hasken da ido ke gani, kuma lissafinsu ya nuna 2p na naitirojin yana cakuɗa da na oksijin, benen ƙasa ya ɗaga, rata ta tsuke. Duniya ta ɗauka. Bayan 'yan shekaru, Di Valentin da Pacchioni da Selloni suka sake dubawa, suka haɗa lissafi da ma'aunin maganaɗisu na EPR, suka ga cewa a adadin naitirojin da ake samu a zahiri, ba benen ne ke ɗagawa ba. Wasu matakai ne keɓaɓɓu ke fitowa a saman benen ƙasa, kaɗan sama da shi in naitirojin ya maye gurbin oksijin, kusan 0.7 eV in ya cusa kansa a tsakani ya manne da oksijin. Bambancin ba na baki ba ne. Ramin da haske ya bari a bene, wato gurbin ilektaron ɗin da ya ɗaga, yana tafiya, yana da ƙarfin ƙona dauɗa. Ramin da ya maƙale a kan naitirojin ɗaya yana zaune ne, ƙarfinsa ya ragu, kuma ilektaron na iya dawowa ya faɗa masa a yi asarar hasken.

Ki yi lissafin akwatinki. Zarra 48 na anatas suna da oksijin 32. Naitirojin ɗaya a ciki ya haura kashi 3 cikin 100. Kuma ki tuna akwatin nan maimaita kansa yake yi ta kowane ɓangare ba iyaka, kamar zanen atamfa a Kantin Kwari, fure ɗaya ne amma yadi shida duk shi ne. Naitirojin ɗinki yana da maƙwabta, su ne kwafin kansa, a nisan 7.6 Å kacal. Suna jin juna, matakin da ya kamata ya zama siririn layi sai ya faɗaɗa ya haɗe da benen ƙasa, ke kuma ki ga kamar rata ta tsuke. Ki koma akwati mai girman 3×3×1, zarra 108, oksijin 72, kashi 1.4 ke nan, ki ga ko tsukewar tana nan. Sannan adadin ilektaron ɗinki ya zama mara, domin naitirojin ya gaza oksijin da ɗaya, don haka lissafi ba tare da sifin ba ba shi da ma'ana a nan. U ɗin da za ki sa wa taitaniyom ma ba ya taɓa 2p na naitirojin, wannan gyara ne na benen sama kawai.

Akwai wani tarko da ni kaina na faɗa ciki lokacin ina ɗalibi, ya ci min kusan wata biyu. Na jera hoton DOS na tsantsa da na sirki, kowanne an sa sifirinsa a matakin Fermi nasa, wato iyakar inda ilektaron suka cika, na ga komai ya gusa, na yi murna na rubuta shafuka. Ashe sifirin ne ya gusa, ba benayen ba. Dole ki daidaita hotunan biyu da wani abu da sirkin bai taɓa ba, kamar 3s na taitaniyom ko 2s na oksijin da ke can nesa da baƙon. Tun daga ranar ban sake yarda da hoto biyu a jere ba sai na tambayi da me aka daidaita su.

Sai babbar tambaya da kundaye da yawa ba sa yi: wannan aibin da kika gina da hannu, yana samuwa kuwa a tukunyar mai haɗawa? A kwamfuta kina iya sa duk zarrar da kika ga dama a duk inda kika ga dama, kiristal ba zai yi gardama ba. A zahiri kowane aibi yana da farashi, shi ne makamashin samuwa. Tsarin lissafinsa, wanda Zhang da Northrup suka shimfiɗa a 1991, mai sauƙi ne: makamashin akwati mai aibi, a cire na akwati mai lafiya, a daidaita kuɗin zarrar da aka cire ko aka ƙara, a haɗa da cajin aibin sau matakin Fermi. Kuɗin oksijin yana da iyaka biyu. Ɗaya ita ce inda oksijin ya wadata, kamar gashi a sararin iska. Ɗayar ita ce inda ya yi ƙaranci, kuma a nan iyakar ba ƙarfen taitaniyom ba ce kamar yadda wasu ke sawa, Ti2O3 ce, domin ita za ta fara fitowa kafin a kai ga ƙarfe. Ki kuma sani PBE yana ɗaure O2 fiye da kima, dole ki faɗi yadda kika bi da wannan. In aibin yana da caji, kwafinsa suna tunkuɗar juna daga nesa, sai an yi gyara irin na Freysoldt da Neugebauer da Van de Walle na 2009, ko na Kumagai da Oba na 2014, wanda ya fi dacewa da mu tunda TiO2 ba ya kare caji daidai ta kowace fuska.

Me ya sa na nace a kan farashi? Saboda a nan labarin naitirojin ya juya. Lissafin su Di Valentin ya nuna cewa in akwai naitirojin, kuɗin cire oksijin yana faɗuwa daga sama da 4 eV zuwa ƙasa da 1. Dalilin a bayyane yake. Kowane naitirojin yana jin yunwar ilektaron ɗaya, kowane giɓi yana da rarar biyu. Giɓi ɗaya ya ciyar da naitirojin biyu, kowa ya huta, Ti3+ ya ɓace. Ma'ana baƙon ba ya zuwa shi kaɗai, da ɗan rakiyarsa yake tafe. Wanda ya lissafa naitirojin shi kaɗai ya lissafa rabin gida ne. Haka abin yake da ƙarfe (Fe) da kuromiyom masu caji 3 a gurbin Ti4+, su ma giɓi suke jawowa. Garin yakan canza launi ya kama hasken ido sosai, amma sau da yawa aikinsa bai taka kara ya karya ba, domin matakan da suka buɗe a tsakiyar rata nan ilektaron da rami suke haɗuwa su kashe juna. Launi ba shaidar aiki ba ne. In ma kina da abokin aiki a sashen kemistiri da zai gwada garin, ki roƙe shi kada ya tsaya a kan shuɗin metilin kaɗai, domin rinin da kansa yana kama hasken ido ya miƙa wa TiO2 ilektaron, sai a yaba wa sirki da aikin da ba shi ya yi ba. A haɗa da abu marar launi kamar finol.

Da ni ce ke, ga yadda zan tsara sauran watannin. In fara da ƙaramin akwati, in tabbatar tsawon gefuna sun zo kusa da na gwaji, 3.785 da 9.514 Å a anatas. In samo U, in yi gwajin folaron. Sannan a zarra 108 in yi abu huɗu kawai: giɓin oksijin, naitirojin a gurbi, naitirojin a tsakani, da naitirojin biyu tare da giɓi ɗaya. Kowanne in faɗi farashinsa, inda ilektaron ko rami ya zauna, da matsayin matakinsa. Wannan ya fi min kundi mai baƙi goma sha biyu da hoton DOS goma sha biyu daraja nesa ba kusa ba.

Zarra 108 da sifin zai wahalar da laftof, musamman in ƙwaƙwalwarsa giga 8 ce. Ki sassauta tsarin da makin k kaɗan, ki ƙara su a lissafin ƙarshe kawai. Ki sa max_seconds ya riƙa tsayawa da kansa yana ajiye inda ya kai, ki ci gaba da restart_mode, domin na taɓa rasa lissafin kwana biyar da aka ɗauke wuta batirin ya mutu da asuba. Ki ɗaga na'urar daga tebur iska ta shiga ƙarƙashinta, ki kai a busa mata fanka bayan hunturu, ƙurar garin nan tana toshe ta har ta riƙa rage gudu da kanta. Ki kuma sa ido a kan ASESMA, makarantar lissafin tsarin ilektaron ta Afirka da aka fara a 2010, wadda cibiyar ICTP ta Trieste a Italiya ke mara wa baya. Ta irin wannan hanya ake haɗuwa da mutanen da ke da manyan na'urori, kuma lissafi ɗaya ko biyu na HSE06 a kan tsarin da kika riga kika sassauta zai ƙarfafa aikinki ƙwarai.

Ki turo min fayil ɗin shigarwa na giɓin oksijin da layukan ƙarshe na sakamakon, inda aka jera maganaɗisun kowace zarra. Daga nan zan gane ko nspin ne ba ki kunna ba ko daidaiton ne ya riƙe ki, sai mu zaɓi taitaniyom ɗin da za mu fara haƙa wa rami. Allah ya ba da sa'a.